Mai Amsa Sunan Bordelongue

Azul, ƙasar Ajantina, Maris 1921

Gwaggo Noélie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ba ki san ni ba, don haka bari in fara da faɗin ko ni wane ne. Sunana Firmin, jikan Prosper, ƙanen mahaifinki da ya hau jirgin ruwa tun kafin a haife ki. Mu nan lafiya lau, sai matata Hortense da ƙirji ke damu lokacin sanyi. 'Ya'yanmu huɗu, tumaki kuma sun yi albarka bana.

Wani mutumin kwarinku da ya zo mana askin tumaki shi ya ba ni adireshinki. Shi ne kuma ya gaya mini yaƙi ya cinye miki ɗanki tilo, mijinki ya bi bayansa ba da daɗewa ba. Allah ya ba ki haƙuri, Gwaggo. Na ji abin a raina kamar na san su.

Ga abin da ya sa na rubuto. 'Yata Clémence za ta auri ɗan wasu mutane masu ji da asali, irin waɗanda suka rataye hoton kakansu da takobi a falo. Uban yaron ya tambaye ni daga ina sunanmu ya fito. Kaka Prosper, idan ya ɗan kurɓa, yakan ce Bordelongue gida ne mai tsawon da in an kira ka daga wancan gefe ba ka ji, kuma namu ne tun kafin a yi sarakuna. Na faɗa musu haka, har na ɗan ƙara gishiri na ce akwai hasumiya. Don Allah ki rubuto mini ainihin tarihin, in samu abin nuna musu.

Ɗanki,
Firmin Bordelongue

*

Estarou, kwarin Aspe, Mayu 1921

Ɗana Firmin,

Takardarka ta iso, na kuma gode da ta'aziyya. Lafiya da sauƙi. Gwiwoyi sun fara yi mini gardama, ido ɗaya ya yi hazo, amma ina cinye miyar kabejina har in suɗe kwano. Ka gaida Hortense, ka ce ta riƙa ɗaura ulu a ƙirji.

Hasumiya! Tun ranar da aka kawo mini labarin ɗana Sylvain ban yi dariya ba sai da na kai wannan layin. Allah ya jiƙan Baffa Prosper, ashe bai bar hali a bakin teku ba, don mahaifina ya ce tun yana yaro in ya ga ɓera sai ya ce kyarkeci ne.

To saurara. A bakinmu na nan, Bordelongue na nufin dogon ɗakin tumaki, ba wani abu ba. Wani ƙane ne da bai gaji komai a gidansu ba ya hau gangaren nan ya jera duwatsu ya yi wa tumakinsa rumfa. Duk lokacin da garke ya ƙaru sai ya ƙara mata tsawo, shi kuma yana kwana a ƙarshenta. Mutane suka riƙa ce masa na dogon ɗaki, har sunan ya bi shi. Daga baya aka gina gida a jikin ɗakin. Gaskiyar kakanka ce, ba ka jin kira daga wancan gefe, amma kukan tumaki ke hanawa.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne, a nan suna na gida ne. Ɗan fari ke gadon gida, mace ko namiji, wanda ya shigo da aure kuma ya ajiye sunansa a bakin ƙofa. Mijina Cyprien an haife shi Lassalle, ya mutu Bordelongue. Mahaifin kakanka ma, Anselme, ɗan ƙodago ne da ya zo kiwo da bargo ɗaya a kafaɗa, ba wanda ya san kwarin da ya fito. Ya auri kakata, magajiyar gida, shi ke nan. Kafin su kuma an yi annobar da ta share gidan kaf, sai ƙauye ya ɗauko wasu mata da miji ya zaunar don kada murhu ya huce. Jini bai taɓa riƙe sunan nan ba, Firmin. Wanda ya hura wuta a murhun nan shi ne Bordelongue, wanda ya tafi kuma takarda kawai ya ɗauka.

Yanzu ga tawa buƙatar, kuma ta fi taka nauyi. Ka san kowane watan Yuni, kafin tumaki su hau dutse, ana taruwa a ƙofar coci mai shela ya kira gidaje ɗaya bayan ɗaya. Gidan da aka kira ba a amsa ba, aka kuma shekara ba a ga hayaƙinsa ba, sai a cire shi, a raba makiyayarsa, sunansa ya daina fita daga bakin kowa. Ni ke amsawa yanzu, ni kaɗai, kuma na haura sittin. Ɗakin Sylvain na nan yadda ya bar shi, takalmansa na katako a ƙarƙashin gado. Wani lokaci in na sauko da safe sai in ɗauko kwano biyu, sai na ajiye su in tuna.

'Ya'yanka huɗu. Ka ba ni ɗaya, mace ko namiji, wanda duk bai tsoron sanyi da warin tumaki. Gida, gona, garke da wurin zama a coci duk nasa ne. Ban iya roƙo ba, amma ga shi ina yi.

Gwaggonka,
Noélie

*

Azul, Agusta 1921

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, an kuma yi bikin Clémence lafiya.

Na karanta takardarki sau da yawa, kuma kullum a layi ɗaya nake tsayawa. Kin ce wanda ya tafi takarda kawai ya ɗauka. Kakana bai tafi don ganin duniya ba. Al'adarku ce ta ce shi ƙane ne, ba shi da ko taku ɗaya a gidan ubansa. Ya sauka ƙasar nan ba shi da komai sai wannan suna. Ya rubuta shi a ƙofar gonarsa, ya buga shi a kan kowace dilar ulu da ya sayar, yana kan kabarinsa da na mahaifina. Yana gargarar mutuwa yana kiran gidan nan naku. Yau kuma a ce mini duk takarda ce, mu jikokin ɗan ƙodago ne da ba a san asalinsa ba.

Na tambaye ki tarihi don in ɗaga kai a gaban surukaina, kika aiko mini da abin da na ɓoye a ƙasan akwati. A cikin takarda ɗaya kuma kike neman in ba ki ɗana. In mu ba Bordelongue ba ne, me za ki yi da ɗanmu? Ki nemi mai hura wuta a nan kusa, tunda kin ce kowa ma zai iya.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Firmin Bordelongue

*

Estarou, Nuwamba 1921

Firmin,

Ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Allah ya sa albarka a auren Clémence. Nan ƙanƙara ta riga ta sauko har bakin gona, tari kuma ya kama ni amma ya sake ni.

Kai ɗan nan, da wane ido kake karatu? Ni da nake buɗe maka ƙofa, kai ka ji ƙarar rufewa. Cewa na yi sunan yana nan yana jiran wanda zai zo, kuma ba na son kowa ya zo sai naku. Na san alƙalamina ya fi bakina kaifi, Cyprien ya sha faɗa mini, amma ban zagi kakanka ba. Mahaifina har ya mutu, duk daren Kirsimeti sai ya yanka burodi ya ajiye rabon Prosper a gefen tebur. Anselme da kake jin kunyarsa kuwa, ni ma kakana ne, kuma shi ya yi wa ɗakin tumakin rufin da har yau bai yoyo. Me za ka ci da hasumiya?

Tunda ka ce in nemi na kusa, bari in ba ka labarin na kusan. Wani ɗan Sifen mai suna Eusebio, cikin masu aikin hanyar jirgin ƙasa da ke huda dutse, ya zo da matarsa Orosia da 'ya'ya biyu yana neman wurin fakewa. Na ba su ƙarshen ɗakin tumaki don ya riƙa ɗebo mini itace. Ba na son su. Komai nasu tafarnuwa, matar tana waƙa tun asuba kamar an biya ta, shi kuma in ya yi yarenmu sai ka ce yana tauna tsakuwa. Maƙwabciyata Zélie ta gidan Casau ta ce in ƙirga cokulana. Na ƙirga, suna nan.

Ka huce ka rubuto. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ni ma ba zan ba ka ba, mu dai yi maganar yaron.

Gwaggonka,
Noélie

*

Estarou, Yuli 1923

Firmin,

Gaisuwa. Ban san ko kuna lafiya ba, tunda wannan ce takarda ta uku ban ga amsa ba. Ni kam ba lafiya. A watan Janairu santsi ya kwashe ni a bakin rijiya, ƙashin ƙuguna ya karye. Likita ya ce in manta da tafiya.

Tun ranar Orosia ke juya ni, ita ke wanke ni, ita ke hura wuta. Na zage ta a kan gishiri, na zage ta a kan yadda take ninke zanen gado, ta ce, "To, Uwar gida, in kin gama ki buɗe baki miyar na hucewa." Ka ga irin mutanen da ba su san zuciya ba.

Taron Yuni ya zo ina kwance. Na aiki Eusebio ya je ya ce ba ni da lafiya, iyakarsa ke nan. Zélie ce ta zo ta ba ni labarin abin da ya faru. Mai shela ya kira Bordelongue, shiru. Ya sake kira, shiru, har wasu sun fara kallon juna, don kowa ya san makiyayarmu ta fi ta kowa ruwa. Da ya buɗe baki zai yi na ƙarshe, sai Eusebio daga can baya ya cire hula ya ce, "Ga ni."

Wuri ya kaure da dariya. Tsohon Casau, mijin Zélie, ya ce, "Kai kuma a su wa? Jiya-jiya ka gangaro daga Sifen da tukunya a ka." Eusebio ya ce, "Baba, hayaƙin da kake gani tun sanyi, kai kake hura shi?" Mai gari ya ce bana an karɓa, amma baɗi dole mai amsawa ya zama magaji, ko wanda aka mallaka wa gidan a gaban lauya.

Da ya dawo na ƙi kallonsa. Na juya fuska bango na yi kukan da ban yi ba tun na Sylvain. Ba don ya yi laifi ba, ai ya ceci gidan. Muryar ce ba wadda na so ba.

Firmin, ba ni da sauran lokacin fushi. Orosia na da ciki, ba za ta ci gaba da ɗaga ni ba, kuma sistocin coci na garin Oloron sun ce akwai gado a gidan tsofaffinsu. Ba zan sauka in bar gidan ba mai shi ba. Zan jira har tumaki su sauko daga dutse a watan Oktoba. In ka ce eh, ko da kalma ɗaya ce, zan jira yaron ko shekara nawa ne. In ban ji komai ba, zan sa a kira lauya.

Noélie

*

Azul, Janairu 1924

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ki da sauƙi. Mu nan ba daɗi. Hortense ta rasu a watan Yuni. Na kai ta kudu wurin 'yar'uwarta ko canjin iska zai taimaka, can ta cika, ni kuma na kasa dawowa gidan da ba ta ciki sai makon jiya. A nan na tarar da takardarki ta Yuli a kan tebur, ƙura ta rufe ta. Biyun farko kam na gan su tun tuni, zuciya ce ta hana ni amsawa.

Na tara yara na karanta musu duka, har da ta farkon da na ɓoye. Ina tsammanin za su ji kunya, sai ga shi suna dariyar hasumiya. Célestin, na biyun, ya sa na maimaita wurin Anselme da bargonsa. Shekarunsa ashirin da uku, shi ne a cikinsu tumaki ke bi ko bai kira ba. Ya ce, "Baba, ni ma ai ƙane ne. Kakanmu ya fito, ni sai in koma."

Eh, Gwaggo. Amsata ke nan, eh. Na san Oktoba ta wuce, amma irin wannan abu ba a gama shi da wuri, kuma na san ba za ki ba baƙo gidan kakanninmu ba. Ba zan jira amsarki ba. Zai hau jirgin farkon Fabrairu, ya iso kafin taron Yuni da sauran lokaci. Ki sa a shanya katifar Sylvain.

Ɗanki,
Firmin

*

Oloron, Afrilu 1924

Ɗana Firmin,

Allah ya jiƙan Hortense, ya ba ka haƙuri. Na san yadda gida ke zama in an ɗauke mutum ɗaya, ba zan ce maka yana wucewa ba. Ni ina nan, ana ba ni abinci a kan lokaci. Sista ce ke rubuta wannan, hannuna ya daina biyayya.

Takardarka ta riga Célestin isowa da 'yan kwanaki kawai, don haka ba yadda zan yi in tare shi. Na jira, Firmin. Tumaki suka sauko, na ce a ƙara mako. Na sa Zélie ta riƙa tare mai kawo wasiƙu a hanya har ya fara canza hanya in ya hango ta. Sai da ƙanƙara ta kusa rufe gangaren na sa aka kira lauya. A farkon Disamba na sa hannu na mallaka wa Eusebio gidan, washegari aka sauko da ni nan gidan tsofaffi a keken shanu.

Yaronka bai san komai ba, ya wuce kai tsaye ƙauye. Ya tambayi gidan Bordelongue aka nuna masa, ya ƙwanƙwasa ya faɗi sunansa. Zélie ta ce Eusebio ya daɗe a tsaye riƙe da ƙofa kafin ya ce ya shigo. Suka ba shi miya, suka gaya masa gaskiya, suka gyara masa gadon Sylvain. Ya ƙi, ya ɗauki bargo ya tafi ɗakin tumaki. Ya yi mako a can yana taya su karɓar haihuwa, lokacinta ne. Tsohon Casau da bai taɓa yabon kowa ba ya ce bai ga hannu irin nasa a kan tunkiya ba tun mahaifina.

Sannan ya zo wurina. Ya tambayi Madam Bordelongue a ƙofa, aka yi ta dube-dube, don a nan Noélie ta bakin taga suke ce mini. Ya zauna a gefen gado yana juya hula. Kai, ka iya haihuwa. Da Allah ya ce in zana wanda nake so, da ban zana shi da kyau haka ba. Ya tambaye ni sunan kowace gona, ya tambayi inda ruwa ke kwanciya in ƙanƙara ta narke, ina ba shi amsa kamar mai amfani. Can ya ce, "Kaka, ba a iya warwarewa?"

Na yi tunanin wannan tun kafin ya zo. Lauya ya ce in an kai kotu aka ce tsufa ya ruɗe ni, mai yiwuwa ne. Amma Orosia ta haihu a ɗakin da aka haife ni, kuma 'yar da ta haifa duk ƙauye na ce mata ƙaramar Bordelongue. Na ce masa, "Ɗana, da aka kira, shi ya amsa. Ba zan fitar da shi ba." Bai yi musu ba. Ya sumbaci hannuna, ya ce zai bi jirgin Mayu ya koma wurinka. Da ya fita na ciji zanen gado don kada sauran tsofaffin su ji ni.

Kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka ci kanka. Ni na rubuta layin, kai ka karanta shi, ya isa. Ku riƙe sunan a can yadda kuka riƙe shi, yanzu na yarda ba takarda ba ce kawai, tunda ya iya tuƙo yaro ya ƙetare teku.

Saura abu ɗaya da na gama jiya. Kabarinmu ma na gida ne, kamar wurin zama a coci, kuma wanda ya bar gida sai da izinin maigida ake sa shi a ciki. Cyprien na can, sunan Sylvain ma an sassaƙa a dutsen ko da ba a kawo mana gawarsa ba. Eusebio ya sauko kasuwa ya biyo ya kawo mini cuku, sai na roƙe shi. Mutumin ya rikice, ya ce wace irin magana ce wannan, gidana ne, kabarina ne, in daina ba shi kunya. Na ce ba haka ake yi ba, ya tashi tsaye ya ba ni amsa yadda maigida ke bayarwa. Ya miƙe, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Gidan Bordelongue ya yarda."

Na yi masa godiya yadda baƙo ke yi.

Gwaggonka,
Noélie